Kawu Mai Jakar Goyo

Da hantsi aka aiko cewa Kawu ya cika. Na nufi ɗakin Inna ina ta juya yadda zan faɗa mata, don ita ce babbar yayarsa, ita ta yi rainonsa, ga shi yanzu ido ya tafi, ƙafa ma sai da sanda. Ashe ta riga ta jiyo salatin mata ta kan danga. Na tarar da ita zaune a bakin gado. Ta ce, "Mai shi ya karɓi abinsa ko?" Na ce, "Ya karɓa, Inna." Sai ta ce, "Auta ke nan. Tun yana yaro bai taɓa jiran kowa a hanya ba." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ni kuma na fito don kada ta ji muryata ta canja.

Bayan an kai shi makwancinsa, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ban san Kawu yana da jama'a haka ba, ko da yake duk karkarar nan babu ƙauyen da ƙafarsa ba ta taka ba. Tsofaffin abokan farautarsa suka zo, waɗanda a da suke tsere da karnuka, yanzu sai an kama su suke iya zama. Wani tsohon ɗan kokawa ya zo a bayan babur ɗin jikansa, ya zauna yana ta goge ido da hannun riga. Har da mai sayar da jakunkunan gwanjo a kasuwar Gezawa, mutumin da na yi zaton shi ne zai fi kowa samun hutu. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya dube ni ya ce, "Wallahi Baba ya wahalar da ni ba kaɗan ba. Amma duk jakar da ya ɗaga ya ajiye, ni ma ban ƙara saro irinta ba."

Wani daga cikin tsofaffin ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Goyo." Dariya ta so ƙwace wa manya, aka danne ta saboda zaman makoki ake. Samarin da ke gefe suka dubi juna, ba su gane ba. A nan ne raina ya sosu. Yaran nan kowannensu da jaka a baya yake tafiya makaranta, amma babu wanda ya san abin da mutumin nan ya sha a kan goyon jaka, balle ya san akwai shekarar da gonata ta kai bakin barin hannuna, jakar nan ce ta shiga tsakani. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun kafin mu ma a shimfiɗa mana tabarmi.

A garinmu, lokacin da muka taso, namiji a kafaɗa yake rataya jaka, kaya mai nauyi kuma a ka ko a bayan jaki. Goyo na mata ne da jarirai. Kawu kuwa mutumin farauta ne tun yana saurayi, da an gama girbi ba ka ƙara ganinsa a gida sai magariba. Burgaminsa, wato jakar fatar akuya irin ta mutanen da, a kafaɗa ɗaya yake rataye shi kamar kowa. In ya zabura bin zomo sai ya dinga dukansa a haƙarƙari, in ya kutsa sarƙaƙiya ya maƙale. Ran da burgamin ya harɗe masa hannu yana shirin jifa, zabuwar daji ta tashi a gabansa yana kallo, bai zarce gida ba sai wajen baduku. Ya sa aka ƙara masa maratayi na biyu, aka faɗaɗa su don kada su yanki kafaɗa, aka kuma sa 'yar igiya da zai ɗaure a ciki. Washegari ya fito da jaka a baya.

Gari ya samu abin yi. Duk majalisar da ya gifta sai an ce, "Barka da arziki! Mace ce ko namiji?" Wani ya karɓe da, "Yaushe ne sunan?" Mata na leƙe ta danga suna ƙyalƙyala dariya. Shi ko a jikinsa. In tsokanar ta ishe shi sai ya tsaya ya ce, "Ku je ku tambayi iyayenku mata abin da ya sa ba su rataye ku a kafaɗa ba." Ya wuce abinsa, hannuwansa biyu a sake.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai Inna ce. A ganinta ƙaninta ya zama abin dariya, kuma da ita ake. Ran da za a tafi ɗaurin auren wana, ta faki idonsa yana alwala, ta sa wuƙa ta yanke maratayi ɗaya. Ina tsakar gida ya dawo ya gani. Kawu ba ya ɗaga murya, sai dai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yaya, ke kika yi wannan?"

"Ni na yi. Ba za ka bi mu gidan surukai da goyo kamar mai jego ba."

"To, madalla."

Ya taka bakin rijiya, ya kama igiyar guganta ya yanki abin da zai ishe shi, ya ɗaura a madadin maratayin, ya goya jakarsa ya shige gaban masu tafiya. Ranar sai a maƙwabta Inna ta aro guga, tana ja tana mita. Suka daɗe gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma sama-sama. Abin da ya shirya su, wata rana ya dawo daga farauta ya ciro fakara daga jakar ya ajiye mata a bakin murhu, ya ce, "Ga abin da jaririn ya kawo miki." Inna ta yi ta maza ta ƙi yin dariya, amma ta fige ta.

Jaka ɗaya ce, amma babu inda ba ta zuwa. Da damina ita ce ta gona, da kaka ta farauta, ranar kasuwa ta cefane. In kuma aka ji ana kokawa a wani ƙauye, ko wuni za a yi ana tafiya, Kawu na gaba da ita. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, daga 'yar wuƙa da ƙuli-ƙuli sai basilla da zare. Goran ruwa kuwa a waje yake ɗaure shi, ta gefe, inda hannu zai kai ba sai ya sauke ba. Mu da muke bin sa da ƙunshi a ka, kafin azahar wuya ya ƙage, shi yana can gaba yana ba da labari, ba ya ko duba ko muna ji.

Allah ya ja kwanansa har ya ga duniya ta dawo hanyarsa. 'Yan makaranta da sojoji da masu babur, kowa da jaka a baya. Yakan zauna a ƙofar gida yana kallonsu suna wucewa, ya ce, "Ka gani ko? Duk gari ya haihu. Kuma har yau babu wanda ya zo ya ba ni haƙuri."

Daga nan ya naɗa kansa sarkin zaɓen jaka. Duk jikan da za a saya wa, da shi za a je Gezawa, kuma wanda ya raka shi sau ɗaya ba ya marmarin komawa. Ba ya duba kyau. Zai juya cikin jakar waje ya ƙura wa inda maratayi ya haɗu da jiki ido, ya ce a nan jaka take mutuwa. Zai ja zif gaba da baya har mai kaya ya fara salati. In ta tsallake wannan, sai ya ari dankalin mai rumfar da ke kusa ya cika ta, ya goya, ya taka har ƙarshen layin ya dawo, ya sunkuya kamar mai noma, ya tsuguna, ya yi ɗan tsalle, dattijo da furfurarsa a tsakiyar kasuwa. Wai jakar da babu komai a ciki kowa ma tana yi masa daɗi. Mai aljifai da yawa ba ta burge shi, cewa yake sai mutum ya manta inda ya sa abu. Ja kuwa ko taɓa ta ba ya yi, wai zomo zai hango ka tun daga wani gari, ko da yaron ya rantse masa makaranta zai je ba daji ba. Wadda ya fi tsana ita ce babba. Wani jikansa ya taɓa nacewa a kan wata ƙatuwa, Kawu ya ce, "Hijira za ka yi? Tafiyar wuni ɗaya ce. In ka ɗauki wannan sai ka nemi abin cika ta, kafin azahar ka tsane ta ka tsani kanka." Yaron ya dawo gida da ƙarama yana kumbure-kumbure, kuma da ita ya gama makaranta.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ya sa ba zan manta da jakar Kawu ba a shekarun fari ya faru.

Lokacin ina sabon magidanci. Mahaifinmu ya rasu an raba mana gona, tawa ta faɗo a bakin hanyar rafi. A ƙasarmu gonaki a manne suke da juna, babu wani daji da mutum zai je ya sari sabuwa. Mai ɗakina tana jegon 'yarmu ta fari. Daminar da ta wuce ba a samu abin kirki ba, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, muna ta fama da ganyen tafasa da dusa. Ruwan farko ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Ya sake yayyafi muka zuba abin da ya rage, shi ma rana ta cinye. Iri ya ƙare ƙaf a unguwarmu. Ko ruwa ya dawo, babu abin da za a sa a rami.

A irin wannan lokaci ne dillalai suke fitowa daga birni suna bin ƙauyuka neman gonar jingina. Wani ya zo ya zagaya tawa, ya taka iyakarta, ya ce zai dawo ranar kasuwa mu ƙarasa magana. Shirina shi ne in karɓi abin da ya ba ni, in kwashi mai jego mu koma unguwar Bacirawa cikin birni in dinga leburanci wajen masu gini. Kowa ya san gonar da aka jinginar a irin wannan shekara ba ta dawowa. Ni ma na sani. Amma in na shiga ɗaki na ga jaririya tana kama nono tana saki tana kuka, sai in ji gonar ba ta kai komai ba.

Wana ya ce shi zai nemo mana iri. Ya ɗaura wa jaki buhuna ya nufi ƙauyukan gabas wajen danginmu, inda aka ce an ɗan samu amfani bara. Ya dawo da buhunan a ninke yadda ya tafi da su, yana ta faɗa wai zumunci ya mutu. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Da me ka je musu?"

"Da jaki mana, Kawu, da buhuna."

"Yo ai kai ka hana su ba ka. Mutum ya leƙo ya ga jaki da buhu a ƙofar gidansa, shi kuwa abin da ya ɓoye bai wuce cikin ƙoƙo ba. Ya zuba maka a buhu ya ɓace a ƙasa, ka tafi kana cewa ya raina ka? Gara ya ce babu. Nauyi suka ji, ba rowa ba ce." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ɗan Yaya, kada ka kuskura ka ba dillalin nan hannu. Gobe in an fito sallar asuba ka same ni a ƙofar gida. Kada ka ɗauko komai."

Muka bi ƙauyukan nan da wana ya bi, muka shiga gidajen da ya shiga. A nan na ga yadda ake roƙo ba tare da an roƙa ba. Kafin mu isa kowane gida sai Kawu ya sa mu shanye ruwan goransa. Mu yi sallama, a shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sauke jaka ya ajiye kusa da mai gida, bakinta a sassauce. A yi ta hirar farautar da, da wanda ya kayar da wane a kokawa. Can a tsakiyar hira sai ya ce, "Mu dai shukarmu ta ƙone, har ta biyun," ya ci gaba da labarin zomo. In za mu tashi sai ya girgiza goran ya ce, "A ɗan taimaka mana da ruwa." Goran kuwa ya ɗaure shi a jikin jakar da irin ƙullin da ba ya kwantuwa da sauƙi, dole mai gida ya ɗauki jakar gaba ɗaya ya shiga da ita ciki.

Abin da ake yi a ciki babu wanda ya gani. Fatar jakar ta bushe ta yi tauri, ko an zuba ko ba a zuba ba haka take a tsaye. Mai gida ya fito da ita bakinta a ɗaure, Kawu ya goya ba tare da ya jinjina ta a hannu ba, ya ce, "Mun gode da ruwa, Allah ya bar zumunci." Gidan da aka zuba da gidan da ruwan kawai aka iya, godiyarsa ɗaya ce. Ni dai abin da na lura, kafin la'asar maratayan sun fara nitsewa a kafaɗarsa.

A hanyar dawowa ne ya ba ni tsoro. Tun safe babu abin da ya shiga cikinmu sai ruwa, don gidajen da muka shiga su ma ba a ɗora tukunya ba. Ni da sauran ƙarfina, shi kuwa na san kwanakin nan ɗan abin da aka samu a gidansa yara yake bar wa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, muna ta sauri. Kawun da kullum sai dai in hango ƙeyarsa, sai na ga na kamo shi, har na wuce shi. Na waiwaya na gan shi durƙushe a gindin wata aduwa, gumi na keto masa, leɓɓansa sun yi fari.

Na sauke masa jakar na kwance bakinta. Hatsi ne har kusa da wuya. Na ɗebo cikin hannu na kai masa baki na ce, "Kawu, ka tauna wannan ka kora da ruwa, ko ka samu ƙarfin ƙarasawa."

Ya riƙe min tsintsiyar hannu. Duk da yunwar, riƙon na nan.

"Mayar."

"Kawu, cikin hannu ɗaya ne fa."

"Na ce ka mayar. Wannan da ka ɗebo, ka san ramin shuka nawa ne a gonarka? Ba don cikina mutanen nan suka bayar ba. Su ma yunwar suke ji, 'ya'yansu suka hana."

Na mayar, har da ƙwayoyin da suka manne min a tafin hannu, ina yi ina hawaye, ban kuma ɓoye masa ba. Ya ce in tsinto masa aduwar da ta faɗo. Ya tsotsa yana yamutsa fuska saboda ɗaci, ya sha ruwa, muka zauna har idonsa ya washe. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce in juya masa baya. Ya goya min jakar da hannunsa, ya ja maratayan, ya ɗaure min igiyar ciki, ya ce, "Kada ka sunkuya mata. Miƙe, ka bar ta ta kwanta." Haka na shiga gari da goyo, shi yana dafe da kafaɗata. Muka wuce majalisar nan da ta saba tambayar ranar suna, babu wanda ya ce komai sai sannu da zuwa.

Ruwa ya sauka kafin a kira magariba, irin wanda ƙasa take sha ta ƙoshi. Da safe Kawu ya juye jakar a kan tabarma a zaurensa. Gero ne da maiwa da dawa fara da ja, har da 'yan ƙwayoyin wake, duk a cakuɗe, kowane gida da abin da ya iya. Ya ɗauki ƙoƙo ya fara rabo. Ya ware na Inna da na wana, da na wata maƙwabciyarmu da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Nawa ya fi na kowa, ya ce na mai jego ne a ciki, kuma ba ya son magana. Tabarma ta koma wayam.

Na ce, "Kawu, naka fa?"

"Ga nawa nan." Ya juya cikin jakar waje, ya sa tsinke yana sakato ƙwayoyin da suka maƙale a ɗinki yana tarawa a tafin hannu. "In naku ya fito kun zo cira, kada ku zubar da ko ɗaya. Ku kawo min in dasa."

Dillali ya dawo ranar da ya ce, ya tarar da tsiro ya huda ƙasa. Na ce masa na fasa. Ya ce zan neme shi, ban kuwa neme shi ba. Gonar ta fito wani iri, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani ko kai bai fitar ba, masu wucewa na tambaya ko yara ne suka yi shukar. Amma da ruwa ya sake ɗaukewa da wuri, wanda ya riga ya nuna shi ya riƙe mu. Gonar Kawu kuwa, wadda ta fi duk namu girma, da dashen abin da muka cire ya rufe wani gefe, sauran ta wuce shekarar fili. Bai taɓa tayar da maganar ba, in na tayar kuma sai ya ce yana da wajen zuwa.

Ran sadakar uku mai ɗakina ta hana a sayo gero a kasuwa. Ta sa aka buɗe rumbunmu aka ciro damin gonar bakin rafi. Ita da 'yar nan tamu, jaririyar shekarar fari, wadda yanzu ita ma ta aurar da 'ya, suka tsaya a kan turmi da kansu, jikoki na cewa a kai inji suka yi biris da su. Na shigo na tarar da mai ɗakina tana dunƙula gumba, hawaye na bin fuskarta, bakinta kuma bai daina faɗa ba kamar Kawu yana zaune a gabanta.

Ta ce, "Ya ƙi ci a hanya, ya bar mana. To yau dai sai ya ci, ko yana so ko ba ya so. Ku ɗauka ku kai waje, kowa ya samu."

Aka fita da ita a ƙwarya, aka raba har ta ƙare.

Allah ka kai masa ladan, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa mu da shi a inda ruwa ba ya ɗaukewa. Amin.